Amsoshin Bayan Littafi

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kina lafiya, ke da Baban yara da yaran duka. Yaya ƙafar nan taki da ke kumbura in kin daɗe kan keken ɗinki? Ni ƙalau nake, sai dai kafaɗa, ita ma ta fara sabawa da kwalaye.

Direban da ke zuwa garinku ya miƙo mini takardarki ranar Talata a bakin sito, muna tsakiyar lodi. Sau biyu na karanta ta a inuwar mota. Abin da na fahimta shi ne, 'yarki Injiniya tana cin duk sauran ɓangarorin babban lissafin nan da suke yi, sai ɓangaren da ake lissafa nauyi da motsi da ja da turawa, a nan ta samu ashirin da ɗaya cikin ɗari. Malaminsu kuma ya ce duk wanda bai kai rabi ba a jarrabawar gwaji nan da wata uku, za a cire shi daga ajin. In kuwa aka cire ta, karatun injiniyan da take ta faɗa tun tana kwance miki rediyo ya tafi ke nan. Kin ce Baban yara yana ganin gara ta haƙura ta koma ajin da ya fi sauƙi. Ki gaishe shi, ki ce ina roƙo ya ba mu wata ukun nan tukuna.

Kin ce in nemo littafi. Ke kin san inda karatuna ya tsaya, amma ƙafa dai ina da ita. Ranar Lahadi na je layin da ke bayan tasha, inda ake baza tsofaffin littattafai a kan tebura. Na zaɓi wani ƙato mai kauri, fari tas kamar ba a taɓa buɗe shi ba. Mai teburin wani dattijo ne, Tabarau suke ce masa, don biyu yake sawa, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. Ya tambaye ni wa zan saya wa. Da na gaya masa sai ya zare littafin daga hannuna, ya ce ai shi ya sa yake da tsabta, babu wanda ya taɓa iya karanta shi. Ya duƙa ƙarƙashin tebur ya jawo wani da aka liƙe bangonsa da salatif. Ya juya mini gefensa, ya nuna mini wani baƙin layi inda yatsu suka fi zama.

“Ka ga nan? Nan ne wurin da 'yarka take kuka. Kowa ma nan yake kuka.”

Na buɗe wurin, Yaya, sai na ga aikinmu ne zane a ciki. Ga akwati a kan katakon da aka jingina, ga igiya ta bi ta kan 'yar taya tana jan kaya sama, ga tsani jikin bango. Rubutun ne dai ya fi ƙarfina.

Shi ne wannan da na naɗe a leda. Kada ki dubi dattinsa. Tabarau ya kuma ja mini kunne kan abu ɗaya: amsoshin tambayoyin suna can bayan littafin, kada ta saba da leƙa su. Ki sa ido.

Ƙaninki,
Dogo

Dogo,

Na amsa gaisuwarka. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi. Littafi ya iso, kuma da farko na zaci direba ne ya zauna a kansa tun daga can. 'Yarka dai ta rungume shi kamar ka aiko mata da zinariya.

Na share mata gefen teburin yanka. Da ta dawo makaranta ta ci abinci sai ta zauna, ni ina kan keke ita tana kan littafi, har kusan faɗuwar rana. Ƙannenta ma na hana su shigowa shagon a lokacin. Baban yara ya ce ya ji roƙonka, wata uku, ba ƙari.

Maganar amsoshi kuwa kada ka damu, na yi maganinsu.

Ka riƙa cin abinci. Direba ya ce ka rame har wuyanka ya ƙara tsawo, ni kuwa na ce ina wuyan zai je kuma?

Yayarka

Dogo,

Gaisuwa. Kowa lafiya, amma ni raina a ɓace yake, don haka ba zan tsawaita ba.

Sati biyar yarinyar nan ta yi a kan littafinka. Littafin rubutu guda ta cika, tambaya ɗari da arba'in, ni na ga ta ƙirga su. Jiya malaminsu ya yi musu ƙaramin gwaji, ta samu ashirin da huɗu. Maki uku ta ƙara a sati biyar! Ta shigo shago ta ɗora littafin a kan kabad, ta ɗauki almakashi ta hau tsince mini zare a jikin rigunan mutane. Da na yi mata magana ta ce ƙwaƙwalwarta ce ba ta kai ba, a bar wahalar da kowa. Babanta ya ce dama ya faɗa.

Ni kam ina ganin tsohon nan mai tabarau biyu ya ga baƙauye ne ya sauke maka abin da ya rasa mai ɗauka. Ga littafin rubutun nata nan, ka kai masa ya ga aikinsa.

Yayarka

Yaya,

Ina gaishe ki, ina kuma ba ki haƙuri. Ki ce wa Injiniya kawunta ya ce ta sauko da littafin nan daga kan kabad, ba a gama ba.

Na kai wa Tabarau littafin rubutun kamar yadda kika ce. Ban je da faɗa ba, na dai ajiye masa a gabansa. Ya sauko da tabarau na goshi ya ɗora kan na hanci, ya yi ta buɗawa shafi bayan shafi. Ya ce shi ba malamin lissafi ba ne, amma ya shekara talatin yana ganin littattafan ɗalibai, kuma bai taɓa ganin mai tsabtar wannan ba. Na ce ai yarinyar ce akwai natsuwa. Ya ce ba yabo yake yi ba.

Sai ya nuna mini abin da ni ma ya kamata in gani. Tambaya ɗari da arba'in, babu inda ta sa alamar ta ci, babu inda ta soke ta sake. Ko ɗaya. Ya ce wanda yake duba amsa bayan ya gama, littafinsa kaca-kaca yake zama da gyara, don nan ne yake gane ya kauce ya koma ya nemo inda ya kauce. Ita kuwa tafiya kawai take ta yi, ba wanda ya ce mata hanya ce ko daji.

Tun da na baro wurinsa nake juya wani layi a takardar da kika aiko da littafi ya iso. Yaya, da kika ce kin yi maganin amsoshin, wane irin magani kika yi musu?

Dogo

Dogo,

Lafiyarmu ƙalau. Takardarka ta same ni, na kwana biyu ban iya ɗaukar biro ba.

Kai ka rubuta da hannunka kada ta leƙa, in sa ido. Ni idona yana kan allura daga safe zuwa yamma, da wane idon zan tsare ta? A makarantarmu, in aka kama ka da amsa bulala ce a gaban kowa. To, ranar da littafin ya iso, kafin ta dawo, na sa almakashi na yanke shafukan bayan nan duka. Yanka mai kyau na yi, ba za ka ma gane an cire wani abu ba.

Da a ce nan na tsaya da sauƙi. Na ajiye su a aljihun keke. Bayan kwana goma aka kawo mini ɗinkin rigunan 'yan makaranta, ina neman takarda mai ƙwari da zan fitar da awon wuya da na aljihu, sai hannuna ya faɗa kansu. Jiya na zazzage aljihun. Abin da ya rage wuyan riga uku ne da aljihu biyu, lambobi rabi-rabi a jiki. Sauran an share da ƙyallaye tuntuni.

Akwai kuma wanda ya fi wannan. Tun satin farko ta tambaye ni ina amsoshin, ta ce littafin ya nuna suna baya. Na ce mata kawunta ne ya ce a cire. Yanzu in an ambace ka sai ta tashi ta bar wurin.

Na gaya mata gaskiya yau da safe. Ta dube ni kawai ta ɗauki jakarta. Ka koma wurin tsohon ka ba shi haƙuri a madadina, ka ga ko yana da wani irinsa. Saura sati shida.

Yayarka

Dogo,

Direba ya zo sau biyu hannu wofi. Na tambaye shi ko ka ba shi saƙo, ya ce duk zuwan da ya yi da rana ba ka sito, abokan aikinka sun ce da an tashi cin abinci kake ɓacewa.

In fushi kake yi, ka yi da ni, ni na yi laifin. Amma ka rubuto ko layi ɗaya ne. Babanta ya riga ya karɓo takardar canjin aji daga makaranta, tana nan kan talabijin, sa hannu kawai ya rage. Na ce masa ya jira alƙawarinsa ya cika. Ita kuma ta sauko da littafin, tana buɗawa tana rufewa.

Ko ba ka da lafiya ne kake ɓoye mini?

Yayarka

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Lafiyata ƙalau, kuma ba fushi nake ba. Laifin ma rabi nawa ne. Tabarau cewa ya yi kada ta leƙa sai ta gwada da kanta, ni kuma na rubuto miki rabin maganar na bar rabi a bakin teburinsa. Shirun da na yi kuwa, ban so in sake aiko miki da alƙawari ba sai abin yana hannuna. Ga amsoshin nan a cikin ambulan, kada almakashi ya matso kusa.

Tabarau ba shi da wani irinsa. Ya zaga da ni layin kaf, babu. Shi ya ce in gwada laburaren da ke kusa da gidan waya. Ban taɓa shiga irin wurin ba. A ƙofa ake ajiye jaka da waya, ciki kuma shiru har takalmina ya riƙa ba ni kunya. Matar da ke kula da wurin ta duba katunanta, ta hau 'yar kujera ta sauko da shi, irinsa sak, bugu ɗaya. Amma na cikin ɗaki ne, ba a fita da shi, injin kwafinsu kuma ya shekara a mace. Na tambaye ta ko an hana mutum ya kwafa da hannu. Ta dubi hannayena, ta dubi rigar aikina, ta ce ba a hana ba.

Hutunmu na rana awa ɗaya ne. Tafiya minti goma sha biyar, dawowa haka, saura rabin awa. Abincina a hanya nake ci. Amsoshin ɓangaren da take buƙata shafi goma sha ɗaya ne, ƙananan rubutu kamar tururuwa. Tunda ban san me suke cewa ba, zana su na riƙa yi yadda na gan su. Akwai wata alama kamar ƙwai an ɗaura masa ɗamara, akwai wata mai jela a gaba. Na ba kowacce suna a raina don kada in rikita su.

A rana ta shida matar ta tsaya a bayana tana kallo. Can ta sa yatsa a littafin ta ce ina wannan? Wani ɗan gajeren layi ne a gaban lamba. Na ce ai na zaci datti ne na bugu, duk inda na gan shi tsallakewa nake. Ta rufe bakinta da hannu don kada dariyarta ta dami masu karatu. Ta ce wannan ɗan layin shi ke nuna ko abu gaba ya yi ko baya, in babu shi amsa ta juye. Shafi huɗu na sake daga farko. Daga ranar, kullum in na tashi sai ta karɓi takardar ta bi layi biyu uku da ido. Mai kula da sito ma da ya ji dalilin ɓacewata ya daina duba agogo in na makara da minti biyar.

Yanzu ki miƙa mata takardar, wannan nata ne.

Injiniya, ban ce a cire ba, amma ni na jawo, ki yafe wa kawunki. Ga littafin rubutunki na dawo miki da shi. Ki bi tambayoyin nan ɗari da arba'in ɗaya bayan ɗaya, ki soke duk wadda ta kauce, kada ki ji tausayin takarda.

Akwai kuma abin da na lura da shi, ban sani ba ko yana da amfani. Da na gaji da lambobi nakan buɗe zanen akwatin nan da ke kan katako in kwatanta da naki. A littafin, akwai kibiya ɗaya da kullum take kallon ƙasa sak, komai karkatar katakon. A naki, in katakon ya karkata sai kibiyar ta karkata tare da shi ta soki jikinsa. Haka kika yi a duk zanen, na ƙirga talatin da takwas. Ni dai kullum a kan irin katakon nan nake, ina tura kaya cikin mota. In gumi ya ɗigo daga hancina, ƙasa yake nufa kai tsaye, bai taɓa tambayar katako ina ya karkata ba. Ki karɓi zare wurin mamanki, ki ɗaura mukulli a bakinsa, ki ɗaga gefen teburin yanka ki riƙe zaren a kusa, ki gani da idonki. In shirme na faɗa, ki tambayi malaminku ya gyara mana mu biyu.

Saura sati uku. A sito mun sha cika mota a lokacin da ya fi wannan ƙurewa.

Dogo

Kawu,

Ina gaishe ka da kyau. Ya aiki, ya kafaɗa? Mama ta ce in fara da ba ka haƙuri kafin komai. To, ka yi haƙuri. Na yi sati biyar ina jin haushinka a banza.

Na bi tambayoyin duka. Cikin ɗari da arba'in, talatin da ɗaya na ci. Ranar na yi kuka, amma wannan karon na san abin da nake yi wa kukan. Maganar kibiya gaskiyarka ce. Mun ɗaga teburin ni da Mama, ƙyallaye suka zube, mukullin kuwa ko gezau. Da na gyara wannan kaɗai, fiye da ashirin suka faɗo daidai da kansu. Sauran na bi su da dabara, wasu sau uku. Littafin rubutuna yanzu ba za ka so ganinsa ba.

Ranar Litinin aka ba mu sakamakon gwaji. Hamsin da takwas. Mu tara muka rage a ajin. Baba ya karɓi takardar ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗauki ta canjin ajin daga kan talabijin ya miƙa wa Mama, ya ce ga takarda mai ƙwari nan in tana neman ta awon wuya.

Amma Kawu, akwai magana. Shafi na tara a kwafinka, tambaya ta goma sha huɗu, ka rubuta bakwai da ɗigo biyu. Na yi ta sau huɗu, ta hanya biyu daban, ɗaya da ɗigo biyu nake samu. Da farko na soke tawa. Daga baya na goge sokewar. Ina ganin kai ne ka yi kuskure. Don Allah ka duba.

'Yarka,
Injiniya

Injiniya,

Na amsa gaisuwa. A bakin sito na karanta takardarki, na sake karanta wa duk wanda ya tsaya. Direba ya ce shi ma a sa sunansa cikin hamsin da takwas ɗin, tunda shi ya yi ta jigila.

Yau da rana na je na duba. Ɗaya ne. Ɗan kan da ke jikinsa ne ya yi tsawo na mai da shi bakwai, kuma ya wuce idon matar laburare ma. Ki gyara a takardar da jan biro.

Babbar jarrabawa tana gaba, amsoshin sauran ɓangarorin kuma suna jikin rigunan 'yan makaranta, don haka na fara daga shafin farko. Shafi goma sha bakwai ne. Zan riƙa aikowa uku-uku, ki riƙa bin su da irin idon nan.

Matar ta ce in tambaye ki, ta yaya kika san ke ce da gaskiya ba takardar ba? Na ce mata ni ma abin da nake son ji ke nan, ko da yake ina jin amsar za ta fi ƙarfina. Duk da haka ki rubuto mini. Ki bi a hankali, ki sa zane.

Kawunki